Amfanin Zogale da Iyakarsa

Duk wanda ya bi ta Tsiga, ko wani gari na ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, a tsakiyar rani, zai tarad da gonaki sun zama fili fetal. An kwashe dawa da masara, an tsince auduga, ba sauran wani abu kore sai a bakin fadama. Amma in ya shiga cikin gari ya duba jikin danga, ko gefen rijiya, ko inda ruwan wanka ya ke kwarara, da wuya ya rasa ganin wani siririn itace mai ƙananan ganye, yana nan shar da shi. Wannan shi ne zogale. Ba mai yi masa noma, ba mai zuba masa taki, ga awaki kullum suna ɗage ƙafa suna cinye na ƙasa-ƙasa, duk da haka bai fasa tofowa ba.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kansa shi ne, mutanenmu sun rabu biyu game da shi, kowane ɓangare kuwa ya kauce hanya. Akwai masu raina shi, suna cewa ai cimar mata ce da yara, ko ta wanda hatsinsa ya ƙare. Akwai kuma waɗanda suka ji an ce Turawa sun yabe shi, sai suka ɗauke shi suka kai shi inda bai kai ba, har ana yawo da garinsa cikin kwalabe a tasha da kasuwa, ana shelar yana maganin cuta ɗari uku. To, ku malaman makaranta da malaman ofis, ku ne mutanen ƙauye su ke tambaya in sun ji irin wannan labari, don sun san kun yi karatu. Ya wajaba ke nan ku san gaskiyar al'amarin, ku faɗe ta yadda ta ke, ba ƙari ba ragi.

Asalinsa da Sunayensa

Masana itatuwa suna kiransa Moringa oleifera, sun kuma tabbatar asalinsa daga arewacin Indiya ne, wajen gindin duwatsun Himalaya. Daga can ya bazu cikin ƙasashen zafi duka. Ya daɗe ƙwarai a ƙasar Hausa, sunayen da kakanninmu suka sa masa kuwa sun isa shaida. Ana ce masa zogale ko zogalagandi. Ana ce masa bagaruwar Makka, watau mutanen dā sun san baƙo ne, daga gabas ya zo. Ana kuma ce masa samarin danga, sabo da in an kafa reshensa a shinge sai ya kama ya tofo, sa'ad da sauran itacen shingen su ke ruɓewa. Wani likita mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya sa shi cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa wanda aka buga a 1916. Ashe ke nan ba sabon abu aka kawo mana ba. Abin da ya ke sabo shi ne awon da aka yi wa ganyen, har aka san abin da ke cikinsa.

Abin da ke Cikin Ganyen

Bisa awon Ma'aikatar Gona ta Amurka, giram 100 na ɗanyen ganyen zogale yana ɗauke da wajen giram 9 na furotin, watau abincin nan mai gina tsoka wanda mu ke samu cikin nama da wake da gyaɗa. Alayyafo mai wannan nauyi bai kai giram 3 ba, kabeji kuwa bai kai 2 ba. Akwai kuma miligiram 185 na kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, da miligiram 4 na sinadarin ƙarfe wanda jiki ya ke yin jini da shi, da wajen miligiram 52 na bitamin C. Bitamin A da ke ciki kuwa ya kusa daidai da abin da ƙaramin yaro ya ke bukata a yini guda. In aka busad da ganyen aka daka, ruwan ya fita, sai furotin ɗin ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin garin.

Watakila kun taɓa jin ana cewa zogale ya ninka lemo sau bakwai wajen bitamin C, ya ninka madara sau huɗu wajen kalsiyam. Wannan magana daga wani awo ta fito wanda aka yi a Indiya, inda aka sami miligiram 220 na bitamin C da 440 na kalsiyam. Awon Amurka da muka ambata bai kai nan ba, shi ya nuna zogale da lemo kusan kunnen doki su ke. Dalili kuwa, ganye ya kan bambanta bisa ga irin ƙasar da itacen ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka auna. Sabo da haka kada malami ya tsaya gaban aji yana rantsuwa a kan ninki bakwai. Ya isa ya ce ganye ne mai albarka wanda ya fi yawancin ganyayen miyarmu gina jiki, wannan kam ba mai musu.

Akwai wani abu kuma da masu talla ba su faɗa. Ba duk abin da ke cikin ganye ne jiki ya ke iya ɗauka ba. Sinadarin ƙarfe na ganyaye ya fi na nama da hanta wuyar shiga jini, wani sashi na kalsiyam ɗin kuma a ɗaure ya ke, haka ya ke wucewa. Babban cokali guda na garin zogale wajen giram 8 ne, furotin ɗinsa bai wuce giram 2 ba, alhali yaro ɗan shekara biyu yana bukatar wajen giram 13 a yini. Kun ga ke nan ƙari ne a kan abinci, ba zai tsaya a madadin wake da gyaɗa da waken suya da nono ba.

Don Me Mu ke Bukatarsa a Nan?

Mai karatu ya iya cewa, ƙasar Funtuwa da Malumfashi ai rumbun hatsi ce, manyan motoci daga kudu nan su ke zuwa lodin masara, ina mu ina maganar ƙarancin abinci? Amsa ita ce, cika ciki daban, gina jiki daban. Farar masara, wadda ita ce tuwon yawancin gidaje yanzu, kusan ba ta da bitamin A ko kaɗan, furotin ɗinta kuma ba cikakke ba ne. Yaron da aka yaye a kan koko tsararo da tuwo da 'yar miya tsululu zai ƙoshi, amma jikinsa bai sami abin ginuwa ba. Daga nan a ke samun tsumburewa, da dundumi, watau rashin gani in magariba ta yi, da yawan kamuwa da cuta, ƙyanda ko gudawa kaɗan su kayad da shi.

Ba zato mu ke yi ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin ɗari, 'yan ƙasa da shekara biyar, sun tsumbure, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin ɗari. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 sun rasu da tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Mu da aikinmu ya ke na zagaya makarantu mun san alamar abin a cikin aji: yaro ɗan shekara tara ka ce ɗan shida ne, kafin hantsi ya kifa kai a kan benci, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali kuwa abin ya samo asali tun yana goye.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ɗanyen ganye ya yi wuya, ga aikin gona ya taso. A nan zogale ya ke da rana. Wanda ke samun ɗan ruwa ya kan riƙe ganyensa har cikin rani, wanda ya kaɗe kuwa yana cikin na farkon tofowa, wanda aka busar tun da kaka kuma yana nan ajiye. A ƙasar Senegal, yankin Kasamans, an soma wani aiki a 1997 na koya wa ma'aikatan asibiti da unguwar zoma zuba garin zogale cikin abincin yara da masu ciki da masu jego, daga nan ne sunansa ya ƙara tashi a Afirka ta Yamma. Amma fa a lura. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ko ya rame har fata ta saki, ko ya daina karɓar abinci, ya wuce maganar zogale. Asibiti za a kai shi a ranar, can a ke da abincin jinya na musamman. Jariri kuma wanda bai cika wata shida ba, nonon uwa kaɗai a ke ba shi.

Yadda Za a Sarrafa Shi

Iyayenmu mata sun riga masana gano wata hikima. Bitamin A na ganye ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, kwaɗon zogale kuwa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ke yinsa. Ga maiƙo an samu, ga furotin na gyaɗa ya haɗu da na ganye. In aka yanka ɗanyen tumatir, ko aka matsa lemon tsami a kai, bitamin C da ke cikinsu zai taimaki sinadarin ƙarfe ya shiga jini. Shayi kuwa akasin haka ya ke yi, don haka kada a kora kwaɗo da shi, a jinkirta tukuna. Dambun zogale da miyar zogale da gyaɗa su ma duk hanya ce mai kyau.

Inda a ke ɓarna wuri biyu ne. Na farko wajen dafuwa: a cika tukunya da ruwa, a bar ganye yana tafasa har ya yi baƙi, sa'an nan a tsiyaye ruwan a zubar. Bitamin C ba ya jimre wa doguwar wuta, abin da ya rage kuma ya bi ruwan. Gwamma a sa ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a sauke da zarar ya yi laushi, ruwan kuma a sha ko a zuba a miya. Kanwa ma a rage ta, don tana kashe wasu bitamin. Na biyu wajen shanya: a baza ganye a tsakar gida cikin rana tsaka, kaji na bi, ƙura na sauka. Hasken rana yana lalata bitamin A. Sai a wanke ganyen da ruwa mai tsabta, a zage shi, a baza shi a kan tabarma mai kyau cikin ɗaki ko rumfa inda iska ke shiga, a riƙa juyawa. Cikin kwana uku ko huɗu na rani zai bushe ƙayau, yana nan kore. A daka, a tankaɗe, a zuba cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, a ajiye inda ba haske ba laima. Garin da ya koma ruwan ƙasa ya riga ya yi hasarar da yawa daga amfaninsa. In za a ba yaro, a zuba ƙaramin cokali cikin kununsa bayan an sauke daga wuta, a riƙa ƙarawa sannu-sannu, don in aka soma da yawa ya kan sa zawo.

Maganar Magani

Yanzu sai mu zo inda gardama ta ke. Tun dā masu maganin gargajiya a Indiya da nan ƙasar suna aiki da ganyen da ɓawon da saiwar zogale. A zamanin nan an gwada shi a ɗakunan bincike, an ga ruwan ganyen yana rage sukarin jini da hawan jini a jikin ɓeraye, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa cikin kwalba. Amma ɓera ba mutum ba ne. Gwaje-gwajen da aka yi da mutane kaɗan ne, masu shiga cikinsu ba su da yawa, ba su kuma daɗe ba. Waɗansu sun nuna sukari ya ɗan sauka bayan cin abinci, waɗansu ba su nuna wani bambanci ba. A ƙasar Filifin al'ada ce a ba mai jego miyar zogale don nono ya kawo, waɗansu ƙananan gwaje-gwaje kuma sun goyi bayan haka. Amma babu wata hujja da ta tabbatar yana warkad da ciwon sukari, ko ciwon daji, ko ƙanjamau, ko shanyewar jiki.

Hatsarin da ke nan babba ne. Mai hawan jini ya kan ji daɗin jikinsa, ya ajiye ƙwayar asibiti ya koma ga garin kwalba, ba ya sanin jinin ya hau sai ranar da ya faɗi. Kallon kitse ya yi wa rogo. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ci kwaɗonsa, ba laifi, amma kada ya bar maganinsa, in kuma yana shan garin kullum ya gaya wa likita, don kada su haɗu su saukad da sukarin fiye da kima.

Saiwa da ɓawo kuwa sha'aninsu daban ne da na ganye. Saiwar tana da yaji mai hawa hanci, akwai kuma guba a cikinta, a Indiya ma an san ta da zubad da ciki. Mai ciki kada ta kusanci jiƙon saiwa ko na ɓawo, kada kuma a ɗura wa yaro. 'Ya'yan da waɗansu su ke tauna kamar gyaɗa, in sun yi yawa su kan ɓata ciki. Har wa yau, garin da a ke saye a kwalba ba ka san hannun da ya daka shi ba, ba ka san inda aka shanya shi ba. A 2019 hukumar kula da abinci da magani ta ƙasar Brazil ta hana sayad da kayan abincin da aka yi da zogale, don ba a kawo mata cikakkiyar shaidar rashin illarsu ba, ga kuma masu talla suna jingina masa warkad da cututtuka barkatai. Wanda ya tsinko daga dangarsa ya huta da wannan duka.

'Ya'yansa da Ruwan Sha

Akwai wani amfani da ba kowa ya sani ba. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna kwantad da laka daga ruwan kogin Nilu da 'ya'yan zogale, wata masaniya Bajamushiya, Samia Jahn, ta bincika abin ta rubuta shi a 1981. Cikin ƙwayar akwai wani furotin mai kama ƙurar da ke yawo cikin ruwa, ya dunƙule ta, ta yi nauyi ta kwanta. Kowane malami ya iya nuna wa yaransa wannan, gani ya kori ji. A ɗebo ruwan tafki kwalba biyu. A ɓare busasshiyar ƙwaya guda, a niƙe ta lukui, a dama da ɗan ruwa mai kyau, a zuba cikin kwalba ɗaya, a girgiza da ƙarfi sa'an nan a hankali, a ajiye su jere. Bayan sa'a ɗaya ko biyu yara za su ga ɗaya ta yi garau, ɗaya tana nan jawur. Sai a gaya musu ruwan ya washe ne kawai, ƙwayoyin cuta ba su ƙare ba, lalle a tsiyaye a tafasa shi, a kuma sha a ranar. Cikin ƙwayar kuma akwai mai, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, wanda ba ya saurin lalacewa, har masu gyaran agogo na dā su kan yi aiki da shi.

Aikin da ke Gabanmu

Shuka shi ba wuya. Da faɗuwar damina, wajen Mayu ko Yuni, a sari reshe mai kaurin hannu, tsawon ƙafa uku ko huɗu, a binne kashi ɗaya cikin uku nasa. Ko kuwa a shuka ƙwayar, zurfin inci guda, cikin mako biyu za ta fito, ita ce ma ta fi yin saiwa mai zurfi. Ƙasar wajenmu tana da nauyi, ruwan sama kuma ya fi na arewacin Katsina yawa, zogale kuwa ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, sabo da haka a zaɓi tudu. A kiyaye shi daga gara da awaki har ya yi ƙarfi. In ya kai ƙirjin mutum a datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe zalalo ya wuce inda hannu ya ke kai wa. Cikin shekarar farko za a soma tsinka.

Muna roƙon kowane hedimasta ya sa a kafa zogale a shingen makarantarsa bana, a raba wa kowane aji nasa, yara su yi ban ruwa, su auna tsawonsa kowane mako su rubuta, ga darasin lissafi da na kiwon lafiya an samu a wuri guda. In ya yi 'ya'ya, kowane yaro ya tafi gida da ƙwaya biyar. A kwalejojin horon malamai kuma a koya wa ɗalibai shanya ganyen da hannunsu, don abin da malami bai taɓa yi ba ba zai koyar da shi da kyau ba. Malaman ofis su ma suna da nasu rabo: harabar ofis, da ta ɗakin shan magani, da gefen kasuwa duk fili ne, in kuma an taru wajen dagaci ko mai unguwa su yi bayani. Fiye da kome, kowa ya soma da gidansa, a ga kwaɗon zogale a akushin malam, don talaka abin da ya ga ma'aikaci na ci shi ya ke girmamawa.

In mutumin ƙauye ya tambaye ku, ku ce masa: ci ganyen, ba 'ya'yanka da mai jegonka, shanya shi a inuwa, bar saiwar, in ciwo ya zo kuma tafi asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, zogalen da za a ci da bazara mai zuwa da daminar nan a ke kafa shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.